Namadi Mai Keke da Littafin Majemi

Namadi ɗan Kende ne, amma a Illo aka fi saninsa, domin a can ya kafa rumfarsa ta gyaran keke, a bakin kasuwa, ta wajen da ake sauke buhunan shinkafa. Uwarsa ta rasu yana ƙarami, sai ƙanwar mahaifinsa, Goggo Mero, ta ɗauke shi ta tafi da shi gidan aurenta a wani ƙauye na ƙasar Ka'oje. Can ya tashi cikin fadama yana korar tsuntsaye a gona, har gemu ya fara tsiro masa. Da aka zo neman samari lokacin yaƙin Bama, yana cikin waɗanda aka ɗiba. Goggo ta raka shi har bakin hanya, ba ta yi kuka ba, ta dai ce masa ya riƙe salla.

A soja ya koyi karatun boko da kwance inji da mayarwa. Ya dawo da ƙafafunsa biyu, ramamme, da wani tabo a wuya. Kwanakin farko gidan Goggo bai rabu da mutane ba, kowa na son jin abin da ya gani. Shi kuwa ya faɗa musu yadda ya gani. Ya ce sun shiga jirgin ruwa wanda ya fi ƙauyensu yawan mutane, suka yi kwana da kwanaki ba su ga tudu ba. Ya ce a can giwa ake sa wa aiki, wani ɗan siririn mutum ya zauna a wuyanta yana yi mata magana, ita kuwa tana ɗaukar gungumen icce tana jerawa. Ya ce matsattsaku daga kan itace suke faɗowa mutum, ba daga ruwa kaɗai ba.

Mutane suka yi dariya. Wani tsoho ya ce an tafi da Namadi yaƙi an dawo da shi maroƙi. Kafin damina ta faɗi sunansa ya koma Mai Giwa, har yara suna kiransa da shi a bayan idonsa. Wannan bai dame shi ba kamar abin da Goggo take yi. Duk lokacin da ya fara ba da labarin Bama, sai ta tashi ta ɗauki ƙwarya ko tsintsiya ta bar wurin. Ya ɗauka ita ma maƙaryaci take ganinsa. Bai tambaye ta ba. Ya daina ba da labarin gaba ɗaya, da aka yi girbi kuma ya tattara kayansa ya koma Illo.

Illo ta karɓe shi, don garin na bukatar mai gyaran keke. Fatake suna ɗora kaya a kekuna suna tsallaka iyaka zuwa ƙasar Faransa, wadda ake kira Dahome, suna dawowa da atamfa da gishiri, hanyar kuwa yashi ce da ƙaya. Ya yi aure, ya samu 'ya'ya, ya zama mutum mai ƙarancin magana wanda in ya ce kekenka zai kai ka Lolo, to zai kai ka.

Da gwamnati ta kawo Yaƙi da Jahilci aka nemi waɗanda suka iya boko a garin, ba su da yawa. Aka ba Namadi ajin manya, aka haɗa masa da allo da alli da akwatin ƙarfe cike da ƙananan littattafai. Wasu na kiwon lafiya ne, wasu na noma, wasu kuma na labarai. Yana koyarwa a zauren wani attajiri, amma ranar jajiberen kasuwa, bayan la'asar, sai ya buɗe akwatin a rumfarsa ya karanta wa duk wanda ya zo. Har da jarida, in direban mota ya kawo ta daga Birnin Kebbi. A hankali wurin ya zama majalisa. Masunta, fatake, makiyayan da suka kawo shanu, da matan da suka gama kasa kaya, kowa ya nemi inda zai raɓa.

Yana son karanta littafin rijiya da na cutar kurkunu. Yana karanta su a tsanake, yana tsayawa yana bayani. Littattafan labarai ne matsalarsa. In ya zo inda aljani ya ɗauki gari ya mayar bayan dutse, ko inda doki ya yi magana, sai ransa ya ɓaci. Ya tuna shi da ya faɗi abin da idonsa ya gani an mai da shi abin dariya, ga shi wani a Zariya ko Kano ya zauna ya shara ƙarya an buga masa a takarda, mutane kuma suna buɗe baki suna saurare. Saboda haka ya fara gyara labaran yana cikin karantawa. Ba wanda zai gane, tun da shi kaɗai ke ganin baƙaƙen.

Akwai wani ɗan littafi mai koren bango, labarin wani majemi. A rubuce, majemin ya faɗa rijiya ya tarar da gari a ƙarƙashin ruwa, inda kifaye ke cin kasuwa, tarwaɗa ce sarauniya. Ya zauna can ya jeme musu fatu, aka naɗa shi sarauta, daga baya kada ya goyo shi ya fito da shi ta wani kogi mai nisa. A bakin Namadi kuwa, majemin ya faɗa rijiya, maƙwabta suka zura igiya suka fito da shi, ya yi jinyar ƙafa, ya koma wani gari ya dage da sana'a har ya yi arziki. Mutane sukan saurara, su ce Allah Sarki, su tashi. Ba wanda ya taɓa roƙon a maimaita.

Haka aka yi ta tafiya har shekarar samun mulkin kai. A damina ɗaya Dahome ta samu nata, Nijeriya ta biyo baya, aka canja tuta a ofishin kwastan na kowane ɓangare. A watannin nan rumfar Namadi ta fi kowane lokaci cika, don kowa na son ya ji abin da jarida ta ce: ko za a rufe iyaka, ko haraji zai sauya, ko Turawa za su tafi da motocinsu. Abin da Namadi ya karanta shi ake ɗauka a kai ƙauyuka. In gardama ta tashi a wani wuri sai a ce, ai Malam Namadi ya karanta, magana ta ƙare.

A cikin masu zuwa akwai Dela, wata bazawara mai fataucin kifi busasshe da daddawa. Ta girme shi, tana jin Dandanci kamar Hausa, rabin watanta a wannan tsallake, rabi a wancan. Wata rana da aka gama jarida, lokaci bai ƙure ba, Namadi ya ɗauko littafin mai koren bango. Ya kai inda aka zura igiya ke nan sai Dela ta ɗaga hannu.

"Malam Namadi, tsaya. Ina kihin?"

"Wane kihi, Yaya Dela?"

"Kihin da ke cin kasuwa ƙarƙashin ruwa. Ni na san wanga littahi. Wani mai goro ya karanta muna shi can Malanbil ta Dahome, bangon nan ne, majemin nan ne. Ba wanda yaj jawo shi da igiya. Kada ne yag goyo shi."

Namadi ya rufe littafin ya ɗora a gwiwa. Bai yi musu ba. Ya ce gaskiya ne, haka aka rubuta, shi ya cire.

"Don mi?" in ji Dela.

"Don ƙarya ce. Ke da ke saida kihi, kin taɓa ganin tarwaɗa da rawani? Ina amfanin in tara dattawa in riƙa gaya musu abin da bai yiwuwa? Ni in labari ya kai ga haka, daɗinshi ya hita gare ni. Sai in ji kamar ana raina min wayau."

"To kai ke nan," Dela ta ce. "Ni da munka ji shi can, har rana ta hwaɗi ba mu sani ba. Wanda kaka karanta muna kuwa, mutum ya hwaɗa rijiya an hidda shi. Wannan ai ko jiya an yi shi gidan Yero, ba sai an buga littahi ba."

Aka yi dariya. Da a nan aka tsaya, da abin ya wuce a raha. Amma akwai Manu, wani makiyayi dattijo da ba ya fashin zuwa, kullum yana tsugune a gefe da sandarsa a kafaɗa. Bai cika magana ba, Hausarsa ma da nauyin Fulatanci. Ya gyara murya ya ce:

"Malam, ni tambaya gare ni. In kana cirewa cikin wanga, jarida fa? Ranar da kac ce ba a hana shanu tsallakawa, haka ta ce, ko kai kag ga ya hi kyau?"

Namadi ya rantse cewa bai taɓa taɓa ko harafi ɗaya na jarida ba, kuma gaskiya ya faɗa. Manu ya gyaɗa kai, bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Mako na gaba mutanen da suka zo ba su kai rabi ba. Aka ji wasu fatake sun ɗauki jarida sun kai wa ma'aikacin asibiti ya sake karanta musu. Namadi ya ji labari, matarsa Rabi kuma ta ce kwanakin nan tuwo kaɗan yake taɓawa.

Ya yi fushi da littattafan labaran, ya ɗaure su da igiyar roba ya tura ƙasan akwati. Ya ce daga yau jarida da littafin noma kaɗai. Dela ta daina tsayawa. In ta zo wucewa da kwandonta sai ta ce, "Malam, a gaida mai igiya," ta wuce.

Shekara ta juyo, kogin Kwara ya yi cikar da ta shanye gonakin ƙasar Ka'oje. Ruwa ya shiga ƙauyen Goggo Mero, ɗakinta ya zauna. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ita kuma tsufa ya kama ta, ga kumburin ƙafa. Namadi ya je da jirgin masunta ya ɗauko ta, ya kawo ta Illo, Rabi ta share mata ɗaki. Ba ta iya fita. Da hantsi akan shimfiɗa mata tabarma a gindin dalbejiyar tsakar gida, ta kishingiɗa tana kallon kaji.

Dela takan shigo gaishe ta, don sun saba tun a kasuwannin ƙauye, kuma ita ta ba ta labarin abin da ya faru a rumfa. Wata safiya Namadi zai fita, Goggo ta kira shi.

"Namadi, ɗauko min littahin kihin nan."

"Goggo, shirme ne."

"Na sani. Ɗauko."

Ya je ya kwance igiyar ya ɗauko. Ya zauna a kan turmi ya fara karantawa, murya a daƙile, kamar mai karanta sammaci. Bai cire komai ba. Da aka kai inda majemin ya tsaya gaban sarauniya tarwaɗa yana rasa yadda zai gaishe ta, tun da ba a faɗuwa ƙasa a cikin ruwa, Goggo ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Rabi ta bar wanke-wanke ta matso. Ya karanta har kada ya ajiye majemin a gaɓa, ya kama hanya ya koma gida.

Ya rufe littafin ya ce, "Goggo, ke kin yarda da wannan?"

"Ni yarinya ce? Na san kihi bai da kasuwa."

A nan ne maganar da ya riƙe tun dawowarsa ta fito. Ya ce to me ya sa wannan ta zauna ta ji har ƙarshe, amma shi da ya dawo yana faɗin abin da ya gani da idonsa, sai ta tashi ta bar wurin? Ko ita ma cikin masu cewa ƙarya yake yi take?

Goggo ta dube shi ta ce, "Ashe abin da kad ɗauka ke nan? Ni na rene ka, na san ba ka ƙarya. Shi ya sa ban iya zama. Wanga majemi ko kada ya cinye shi, ba ɗana ne ba, ina tashi in sha hurata. Kai kuwa in kac ce ruwa ba tudu, ni ganin ka nike cikinshi. In kac ce abu ya hwaɗo maka daga bisa icce, wuyanka nika kallo. Ina zan iya?"

Namadi ya zauna yana juya littafin a hannu har Rabi ta ce masa masu keke suna jira a rumfa. Ya tashi ya fita. Daga ranar, kowace safiya kafin ya tafi aiki sai ya karanta wa Goggo wani abu daga ƙasan akwatin. Ta rasu da sanyin shekarar, aka rufe ta a Illo.

Bayan sadakar bakwai ya koma majalisa da littattafan duka. Ya gaya wa mutane cewa daga yau abin da ke takarda shi za su ji, ko ya yi masa daɗi ko bai yi ba. Ya cika alkawari, amma ta hanyarsa. In ya zo wurin da hankalinsa bai ɗauka ba sai ya ɗaga kai ya ce, "In ji littahi," sannan ya ci gaba. Mutane suka mai da abin wasa, har suna riga shi faɗa. Majalisa ta sake cika. Manu ya dawo wurin tsugunonsa, bai sake tada maganar jarida ba.

Kada a ce Namadi ya sauya ra'ayi, don bai sauya ba. Har ya tsufa yana cewa labarin da ba zai yiwu ba bai da gishiri a bakinsa. Abin da ya bari shi ne yanke wa wasu abin da za su ji. In aka matsa masa yakan ce, wani na son tuwo da yaji, wani ba ya so, shi dai mai tuƙawa ne.

Dela ce ta ba da mamaki. Ta ce ita ba za ta sake jingina da bakin kowa ba, karatun za ta koya. Ajin maza ba ya yiwuwa gare ta, saboda haka in ta kwana Illo sai ta shiga gidan Namadi da hantsi, ta zauna kusa da Rabi, shi kuma ya rubuta mata baƙaƙe a allo kafin ya fita. Idonta ya fara rauni, ga tafiye-tafiye, abin ya ɗauke ta shekaru. Takan manta, ta koma baya, ta yi faɗa da allon. Amma ta kai inda take haɗa kalma da kalma, tana bin layi da ɗan yatsa. Littafin farko da ta ara shi ne na majemi. Ta tafi da shi cikin kwandon daddawa, ya dawo yana wari.

Ranar da ta maido shi ta same shi a rumfa yana ɗinke tayar wani bafatake. Ta ajiye littafin a kan benci ta zauna.

"Malam, na gama. Amma akwai abin da bai yi min ba."

Namadi ya ajiye aikin. "Kin gani ko? Kihin ne."

"Kihina lahiyarsu lau. Matar majemin nika magana. Da hwarin littahi an ce shina da mata da ɗiya ƙanana. Ya hwaɗa rijiya, ya yi shekaru can shina sarauta. Wa ya ci da su? Da yad dawo an ce ya iske ta ƙohwar gida tana murmushi, ta kawo mai ruwa. Ko tambaya ba ta yi ba. Ni mijina ya tahi Gwanja bai dawo ba, na san abin da ake ciki. Wagga mata ba a yi ta ba, ba kuma a yin ta. Da mai goro ya karanta ban lura ba. Yanzu da na bi shi da yatsana, nan wurin ya tsaya min a wuya."

Namadi ya ɗauki littafin ya buɗe ƙarshensa ya duba. Ya karanta shi sau da yawa, bai taɓa tsayawa a kan wannan ba. Ya ce, "To tarwaɗa mai sarauta kin haɗiye, mace mai haƙuri ta gagare ki?"

"Tarwaɗa ban san halinta ba, duk abin da anka ce ta yi sai in bi. Mace kuwa na san ta."

Suka yi ta yi, shi yana cewa in za a ƙi ƙarya a ƙi ta duka, ita tana cewa ba kowace ƙarya ke ɓata labari ba, sai wadda aka yi wa mutum a kan abin da ya sani. Bafataken da ke jiran kekensa ya gaji ya ce a taimaka masa rana na yi. Namadi ya koma kan taya. Dela ta buɗe akwatin da kanta ta zaɓi wani littafin, ta duba bangon, ta cusa a kwando.

Ajin manya ya ci gaba har aka buɗe makarantar firamare ta fara ɗaukar yara, aka kawo malamai masu takarda, aka sallami irin su Namadi da godiya. Akwatin dai ba wanda ya zo karɓa. Rediyo ya yawaita a garin, majalisar jajiberen kasuwa ta ragu ta koma ta tsofaffi. Ya ci gaba da gyaran keke har hannunsa ya fara rawa, babban ɗansa Attahiru ya karɓi rumfar. Ya rasu a Illo shekarun farin nan da shanu suka mutu. Dela ta riga shi da kaɗan, a wancan tsallaken, wurin 'yarta. Littattafai biyu na akwatin suna hannunta lokacin, kuma ba a dawo da su ba.